Guguwa Ta Rage Ƙarfi, Haɗari Bai Wuce Ba

Daga Yuni zuwa Nuwamba, lokacin guguwar teku a Amurka, akwai wata ɗabi'a da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar an ce guguwa ta sauka daga mataki na huɗu zuwa na ɗaya, sai 'yan'uwanmu mazauna can su saki jiki, dangi na gida kuma su shiga tura saƙon barka a WhatsApp. Barkar me?

Matakan guguwa biyar ne, kuma ƙarfin iska kaɗai suke aunawa: na ɗaya daga kilomita 119 a sa'a, na biyar daga 252. Ba ruwansu da yawan ruwan da guguwa ta ɗauko, ko saurin tafiyarta.

Ku tuna guguwar Harvey. Daga gabar Afirka ta Yamma hadarinta ya taso, ta ƙetare teku, ta afka wa jihar Texas ranar 25 ga Agusta, 2017, tana mataki na huɗu. Kashegari iskarta ta lafa har ta fita daga jerin matakan gaba ɗaya. Amma fa sai ta yi zaune, ta yi kwana da kwanaki tana zuba. Wasu wurare sun sami ruwa sama da milimita 1,500, abin da ya zarce na damina guda cur a Kano. Birnin Houston, inda 'yan Najeriya ke da yawa, ya zama kogi. Mutum 68 ne guguwar ta kashe kai tsaye a Texas, kusan dukkansu ambaliya ce ta ci su.

Cibiyar sa ido kan guguwa da ke Miami tana bin sawun kowace guguwa da tauraron ɗan'adam, har jiragen sama ake turawa cikinta su auno ta. Duk bayan sa'a shida take fitar da sabon bayani. To mene ne amfanin taswirar guguwa ta shekaranjiya da kuke ta yawo da ita? Kuma zanen hanyar nan na taswira tsakiyar guguwa kawai yake hasashe. Ruwa da iska suna kaiwa nesa da shi.

Saboda haka, kafin ka tura wata taswira, duba ranar da sa'ar da aka fitar da ita. Tambayi yawan ruwan da ake sa rai da kwanakin da zai ɗauka. Kada ka kutsa mota cikin titin da ruwa ya shafe. In hukuma ta ce a tashi, a tashi. Ku kuma na gida, ku riƙe barkarku sai an janye gargaɗin ambaliya.