Awon Fasahar Ƙasa Da Mudun Aro

A watan Afrilu na 1980 shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka hallara a Legas, suka amince da wani shiri na raya tattalin arziki. Cikin shirin an nemi kowace ƙasa ta riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na dukiyar da take samarwa a shekara wajen binciken kimiyya da fasaha. A 2007 Tarayyar Afirka ta sake nanata wannan alkawari, amma har wa yau 'yan ƙalilan ne daga ƙasashen nahiyar suka kusanci adadin, Nijeriya kuwa ba ta cikinsu.

Duk sa'ad da aka ɗauko zancen, misalin da akan kawo shi ne Koriya ta Kudu, wadda ke kashe fiye da kashi 4 cikin 100. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wajen kashi uku cikin huɗu na kuɗin daga aljihun kamfanoni yake fitowa, domin suna da hajar da za su inganta da kasuwar da za su kai ta. Wato adadin nan 'ya'yan itace ne, saiwarsa kuwa masana'antu. Gwamnati na iya rubuta adadi a takarda, amma doka ba ta haifar da masu saye.

A dubi batun ƙarfe. Koriya ta kafa kamfanin POSCO a 1968, alhali Bankin Duniya na ganin aikin ba zai yi riba ba, ya zuwa 1973 kuwa an fara narkar da tama a Pohang. Ƙarfen bai kwanta ba, gama masu ƙera jiragen ruwa da motoci suna jiransa. Mu ma a 1979 aka ba wani kamfanin Tarayyar Sobiyat kwangilar gina masana'antar Ajaokuta. An yi gine-gine, an horar da injiniyoyi, amma babban murhun narkar da tama bai taɓa kamawa ba. Gawayin ƙasarmu bai dace da irin murhun ba, layin dogon Itakpe zuwa Warri kuwa sai a 2020 aka buɗe shi. An kwaikwayi ginin, an bar abubuwan da ke riƙe da shi. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Haka nan jadawalin da Hukumar Kare Haƙƙin Ƙirƙira ta Duniya ke fitarwa duk shekara, wanda Suwizalan ta daɗe tana kan gabansa. Cikin abin da yake ƙirgawa har da rajistar ƙirƙira da maƙalun masana da kuɗin bincike. Yana da amfani wajen nuna giɓi, sai dai akwai abin da mudunsa ba ya ɗauka. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ta yadda kayan lambu za su yi makonni ba su lalace ba, ba tare da lantarki ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ita ma ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019. Manomin da ya rage sayen maganin feshi ya ga ribar wannan aiki, ko da matsayin ƙasarsa a jadawali bai motsa ba.

Saboda haka ya kamata ma'aikacin da aka ɗora wa tsara manufa, da ɗalibin da zai gaje shi, su fara da tambayoyin gida. Wace matsala za a warware? Wa zai sayi abin da aka ƙirƙira? Akwai wuta da hanya da rancen da za su kai shi kasuwa? In an amsa waɗannan, sai a leƙa ƙasashen waje a ga yadda suka yi nasu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah Ya sa mu dace.