Wutar lantarki tsakanin Nijar da maƙwabtanta

Ruwan kogin Isa da ke ratsa Yamai da Gaya, shi ne ke gangarawa Najeriya ya juya injunan madatsar Kainji, wadda aka gama ginawa a 1968. A wannan shekara ce kuma aka kafa NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na ƙasar Nijar.

A 1976 aka jawo layin wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, ta Doso. A 1994 aka jawo na biyu daga Katsina zuwa Gazawa, inda ya rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya Damagaram. Dalilin wannan ciniki a fili yake: wutar da ruwa ke bayarwa ta fi ta gazuwal araha nesa ba kusa ba. Sannu a hankali, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa ya zamo daga Najeriya yake fitowa.

A 1999 ƙungiyar CEDEAO ta tsai da shawarar haɗa layukan ƙasashenta su zama kasuwa guda, mai rara ya sayar wa mai buƙata. Cikin wannan tsari ne aka ƙaddamar, a 2022, da aikin babban layin arewa da zai haɗa Najeriya, Nijar, Benin da Burkina Faso.

Amma zanen aro ba ya rufe katara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar cikin watan Agusta, bisa takunkumin CEDEAO, ba ta maido ta ba sai a 2024. Tela da mai walda da mai injin niƙa suka wuni zaune, asibitoci suka koma kan janareto, ƙanƙara ta yi tsada. Tashar Goru Banda mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 30, ta rage zafin abin, amma ba ta kashe shi ba.

Darasin a nan shi ne, kasuwa ta mai kaya ce. Ƙasar da ke da ranar Agadas, da gawayin Anu Araran da na Salkadamna, da madatsar Kandaji mai megawat 130 idan an gama ta, ba ta rasa abin kai wa kasuwa ba. Haɗa layi da maƙwabta alheri ne, muddin makunnin wutar bai zauna a hannu ɗaya ba.