Direban Uber: Ma'aikaci Ne Ko Mai Zaman Kansa?

Kamfanin Uber ya daɗe yana cewa shi dillali ne kawai: yana haɗa fasinja da direba ta manhaja, ya ɗauki kamashonsa. A cewarsa, mota ta direba ce, kuma shi ke zaɓar lokacin fitarsa. Idan aka yarda da haka, to babu fansho, babu hutu mai biya, babu mafi ƙarancin albashi.

Ranar 19 ga Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yi watsi da wannan hujja, a shari'ar da direbobi biyu, James Farrar da Yaseen Aslam, suka jagoranta. Alƙalan ba su tsaya kan rubutun yarjejeniya ba, sun duba wanda ke riƙe da akala. Uber ke yanke kuɗin mota, direba ba shi da ikon ƙarawa. A wancan lokacin, mai yawan ƙin ɗaukar fasinja akan rufe masa manhaja na ɗan lokaci, wanda kuma makinsa ya yi ƙasa ana iya sallamarsa. A ganina kotun ta yi daidai, domin wanda bai isa ya sa wa guminsa farashi ba, da wuya a kira shi mai zaman kansa.

Sai dai matsayin tsaka-tsaki aka bai wa direbobin, ba na cikakken ma'aikaci ba, don haka ba su da kariya daga korar zalunci. A watan Maris na 2021 Uber ya fara bai wa direbobi fiye da 70,000 haƙƙoƙin fansho, hutu mai biya da mafi ƙarancin albashi.

A jihar Kaliforniya ta Amurka kuwa, masu zaɓe sun amince a 2020 direbobin su ci gaba da zama masu zaman kansu, bayan Uber da kamfanoni irinsa sun kashe fiye da dala miliyan 200 wajen kamfe.