A Amurka Mai Bututu Ke Biyan Kuɗin Izini

A ƙasar Amurka, duk kamfanin da ke neman izinin shimfiɗa bututun mai ko na iskar gas a filin gwamnatin tarayya, shi ke biyan kuɗin duba buƙatarsa. An shigar da wannan ƙa'ida cikin dokar hayar ma'adinai ta 1920 ne a shekarar 1973, lokacin da ake taƙaddama kan bututun Alaska mai tsawon kimanin kilomita 1,300.

Bisa dokar, kamfani zai mayar wa gwamnati abin da ta kashe wajen nazarin takardunsa, da kuma sa ido kan bututun tun daga gini har ranar rufe shi. Ban da wannan, akwai kuɗin hayar fili na shekara-shekara bisa farashin kasuwa. Izinin kuwa ba ya wuce shekaru 30, sai dai a sabunta.

Manufar ita ce kada mai biyan haraji ya sha wahala, kamfani ya kwashe riba. Sai dai duk tsawon da bincike ya yi, ƙarin kuɗi ne a wuyan mai jari, don haka wajibi ne ya sa shi cikin lissafi tun farko.