MAI TABON BASHI DA NEMAN GIDAN HAYA A ƘASAR AMURKA

Duk ma'aikacin da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki, akawu ne ko malamin makaranta, ya san abin da ya fi damun mutum ran da takarda ta zo, watau inda zai sauke iyalinsa. A ƙasarmu abin da mai gida ya kan nema ga baƙo shi ne kuɗin shekara a hannu, da wani sananne wanda zai ce ya san shi. In waɗannan biyu sun samu, magana ta ƙare. A ƙasar Amurka kuwa ba haka abin ya ke ba. Can haya wata-wata a ke biya, saboda haka mai gida ba ya sakin mabuɗi sai ya bincika yadda mutum ya saba yi da bashi. Wanda ya taɓa tuntuɓe wajen biya, ko da a wani gari ne mai nisan mil dubu, sai ya tarar labarinsa ya riga shi isa.

YADDA A KE AUNA AMANA

Akwai manyan kamfanoni uku a Amurka masu sana'ar tara labarin basussukan jama'a, su ne Equifax da Experian da TransUnion. Bankuna da sauran masu ba da rance su kan aika musu da labarin kowane mai cin bashi: nawa ya karɓa, nawa ya biya, yaushe ya makara. In biya ya wuce lokacinsa da kwana 30, ana iya rubuta shi. Daga wannan tarihi ne a ke fid da maki, kamar yadda malami ya ke ba yara maki bayan jarrabawa. Makin da aka fi sani shi ne na kamfanin FICO, wanda aka fito da shi a 1989. Yana farawa daga 300, ya ƙare a 850. Daga 670 zuwa sama ana ɗaukarsa mai kyau, abin da ya gaza 580 kuwa ana ce da shi mummuna.

Kamfanin ya bayyana yadda ya ke raba awon. Biya a kan lokaci shi ke da kashi 35 cikin 100, yawan bashin da ke kan mutum kashi 30, daɗewarsa yana hulɗar bashi kashi 15, sababbin basussuka kashi 10, ire-iren bashin da ya ke ci kashi 10. Tabon makara ko na ƙin biya ya kan zauna cikin takardar mutum shekara 7. Wanda kotu ta yanke wa hukuncin karayar arziki, nasa ya kan kai shekara 10. Mai karatu ya duba: mutumin da ya rasa aiki na 'yan watanni, ko ciwo ya kwantar da shi, yana iya ɗaukar wannan kaya shekaru bayan ya warke ya koma aiki.

Ban da wannan, masu gidaje su kan sayi wani rahoto dabam daga kamfanonin binciken 'yan haya. A ciki ne a ke ganin ko an taɓa kai mutum kotu don a fitar da shi daga gida. Masu gidaje sun fi ƙyamar wannan da bashin haya na baya bisa kowane tabo, gama shi ne ya shafi aljihunsu kai tsaye.

ABIN DA MAI GIDA KE NEMA

Galibi a kan so albashin mutum na wata ya ninka kuɗin haya sau 3. In hayar dala 1,500 ce, sai ya nuna yana samun dala 4,500. A birnin New York al'adar ita ce abin da ya ke samu a shekara ya ninka hayar wata sau 40, watau mai neman ɗakin dala 2,000 sai yana samun dala 80,000 a shekara. Wannan al'ada ce ta masu gidaje, babu dokar da ta ajiye ta. Manyan kamfanonin da ke riƙe da ɗaruruwan ɗakuna su kan yanke makin da ba su sauka ƙasa da shi, kwamfuta ce ke tacewa, ma'aikacin ofis ba shi da ikon ya ji uzuri. Ga kuma kuɗin neman shiga da a ke biya a yawancin wurare, wanda galibi ba a mayarwa ko an ƙi mutum. Mai ƙaura da ya yi ta cika takardu barkatai sai guzurinsa ya ƙare bai sami ɗaki ba, ga ranar kama aiki tana matsowa.

ABIN DA DOKA TA BA SHI

To, ba a bar mai tabo haka kawai ba. Dokar tarayya ta 1970 a kan rahoton bashi ta ce in mai gida ya ƙi mutum, ko ya ƙara masa kuɗin ajiya, saboda abin da ya gani cikin rahoto, tilas ya sanar da shi, ya kuma gaya masa sunan kamfanin da ya ba da rahoton. Mutumin yana da kwana 60 ya nemi kwafinsa kyauta. In ya ga kuskure ya kai kuka, wajibi ne kamfanin ya bincika, galibi cikin kwana 30, ya gyara ko ya share abin da ba a tabbatar ba. Kuskure kuwa yana faruwa, musamman ga masu suna iri ɗaya, a ɗora wa wani bashin wani.

Har wa yau, dokar 2003 ta ba kowa ikon ganin takardarsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kowane ɗayan kamfanonin nan uku, kuma a 2023 kamfanonin suka tabbatar da cewa ana iya dubawa kowane mako. Game da bashin asibiti, tun 2022 suka daina nuna wanda aka riga aka biya, a 2023 kuma suka cire wanda bai kai dala 500 ba. Dokar gidaje ta 1968 ta hana a ƙi mutum saboda launin fatarsa ko addininsa ko asalin ƙasarsa. Amma a lura, ba ta hana a ƙi shi saboda tabon bashi ba.

HANYAR DA A KE BI

Abu na fari, mutum ya duba takardarsa tun watanni kafin ya ɗaura kaya, don ya san abin da mai gida zai gani. In akwai bashin tsohon mai gida, shi zai fara biya, ya karɓi rasit ya adana.

Na biyu, ya nufi ƙananan masu gidaje, irin mai gida ɗaya ko biyu wanda shi da kansa ke yanke shawara. Irin wannan yana iya zama da baƙo ya saurare shi. Kafin ya biya kuɗin neman shiga, ya tambaya ko akwai makin da ba a karɓar ƙasa da shi, kada ya zubar da kuɗinsa a banza.

Na uku, ya faɗi gaskiya tun kafin a tono ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle inda kome ke rubuce. Ya rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa ya ce ga abin da ya same shi, ga shekarar, ga yadda ya ke biya yanzu. Ya haɗa da takardar ɗaukarsa sabon aiki mai nuna albashi, da takardun banki, da shaidar mai gidansa na yanzu cewa bai taɓa makara ba.

Na huɗu, ya nemi mai tsaya masa, wanda zai sa hannu cewa in bai biya ba shi zai biya. A New York a kan so mai tsayawa ya sami abin da ya ninka hayar wata sau 80 a shekara. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, gama in ɗan haya ya gaza, mai tsayawa za a bi. Akwai kuma kamfanonin da ke tsaya wa mutum a biya su lada.

Na biyar, a wuraren da doka ta yarda, yana iya ƙara kuɗin ajiya don hankalin mai gida ya kwanta. Amma kowace jiha da dokarta. New York tun 2019 ta hana karɓar ajiya fiye da hayar wata 1, ta kuma tsai da kuɗin bincike a dala 20. Kalifoniya ta bi sahu a kan ajiya daga 1 ga Yuli, 2024, sai dai ta sassauta wa ƙananan masu gidaje. Jihohin Texas da Florida kuwa ba su yanke iyaka ba.

In duk wannan bai yiwu ba kafin ranar aiki, gara ya kama ɗaki guda a gidan wani, ko hayar wata-wata, ya zauna yana biya a kan lokaci har ya sami mai shaidarsa a garin.

A YI HATTARA

Wanda ke cikin matsi shi macuta ke nema. Waɗansu su kan sa hoton gidan da ba nasu ba a intanet, da araha, su ce ba ruwansu da bincike, a aiko kuɗi kawai a riƙe wa mutum ɗaki. Mai ƙaura daga nesa shi ya fi faɗawa, don bai ga gidan ba. Kada a biya ko sisi sai an ga gida da ido, ko an aiki amintacce ya gani, an kuma ga yarjejeniya a rubuce. Waɗansu kuma su kan ce za su wanke wa mutum takardarsa. Dokar 1996 ta hana irin waɗannan su karɓi lada kafin su yi aikin, kuma ba mai ikon share tabon da ke gaskiya sai lokacinsa ya cika.

INA RUWANMU?

Ruwanmu a ciki biyu ne. Na ɗaya, 'yan'uwanmu Hausawa na Nijeriya da Nijar da Gana da ke zaune a unguwar Bronx ta New York, da ɗalibanmu da ke zuwa karatu, suna gamuwa da wannan. Sabon zuwa ba shi da tabo, amma ba shi da tarihi ko kaɗan, mai gida kuwa ya kan yi ɗari-ɗari da shi kamar yadda ya ke yi da mai tabo. Shi ya sa yawanci su kan fara sauka wajen ɗan'uwa. Abin nan ba baƙo ba ne gare mu. A Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi, mai gida ne ke saukar da fatake, shi ne kuma ke tsayawa tsakaninsu da masu saye bashi. Abin da mai gida ke riƙe da shi a ka, shi Amurkawa suka mayar lissafi.

Na biyu, Nijeriya ma ta yi dokar rahoton bashi a 2017, kuma akwai kamfanoni masu lasisin Babban Banki da ke tara labarin masu cin rance. Ma'aikacin da ya karɓi rancen banki a kan albashinsa ya sani ana rubutawa. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka cinsa ba abin kunya ba ne. Abin da a ke dubawa shi ne yadda aka biya. Wanda ya ga biya zai gagare shi, ya je ya sami mai kuɗin tun kafin ranar ta zo, su daidaita, ya kuma adana kowane rasit. Allah ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.