Kwamfuta taka, fina-finai naka, amma makullin yana hannun wa?

A watan Satumba na 2018, lokacin da yawancinmu muke ƙaramar sakandare, wani kamfanin Amurka mai suna Plex ya fitar da sanarwar da ta ɓata wa tsofaffin masu amfani da manhajarsa rai. Kamfanin ya ce zai daina kula da ƙananan manhajojin da mutane ke jonawa a jikin tasa, waɗanda Turawa ke kira fulogin, mu kuma a nan za mu kira su manhajojin ƙari. Dalilin da ya bayar shi ne, waɗanda ke amfani da su ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Shekaru sun wuce, amma har yau idan aka taɓo zancen a cikin masu harkar, sai ka ji kamar jiya abin ya faru. Mun ga ya dace mu kawo muku labarin, musamman ku da ke sha'awar karanta kimiyyar kwamfuta, domin irin wannan rigimar za ku riƙa cin karo da ita duk tsawon aikinku.

Da farko, mene ne ma Plex ɗin? Ku ɗauka a gidanku akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba a amfani da ita. Sai a zuba mata duk fina-finan gidan, da karatun malamai, da hotunan biki, da bidiyon darussa, a sa mata manhajar Plex, a jona ta da wayifai ɗin gida. Daga nan ta zama uwar garke. Baba zai iya kallon abin da yake so a talabijin ɗin falo, Yaya tana ɗaki tana kallon nata a waya, ƙanenku yana sauraren karatu, duka daga wannan kwamfuta guda. Ba sai an tura wa kowa fayil ta Xender ba, kuma ba a cika wa kowa waya. Idan fim ɗin ya yi wa wata waya nauyi, uwar garken ce ke rage masa girma nan take yayin da ake kallo. Tana kuma duba sunan fayil, ta leƙa rumbunan bayanan fina-finai na intanet, ta ɗauko hoton bango da sunayen 'yan wasa da taƙaitaccen labari, ta jera komai tsaf kamar Netflix. Bambancin kawai, kayan da ke ciki naka ne.

Asalin manhajar shi ya sa abin ya fi yi wa mutane ciwo. Plex ba daga ofishin kamfani ta fito ba. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna XBMC, wadda masu sa kai suka rubuta don mayar da na'urar wasa ta Xbox abin kallon fim, kuma ita ce aka sake wa suna Kodi a 2014. A 2007 wani mai rubuta manhaja, Elan Feingold, ya soma aikin sa ta gudana a kwamfutocin Apple, kuma a 2008 wannan reshe ya ware ya ɗauki sunan Plex. Wato ta tashi ne a hannun mutanen da ɗabi'arsu ita ce kwance abu su ga cikinsa su gyara. Irin waɗannan mutane ne suka yi ta tallata ta ga abokai da dangi tun ba a san ta ba.

Manhajojin ƙari su ne ƙofar da aka bar musu. Duk wanda ya iya harshen Python zai iya rubuta ɗan abin da zai ƙara wa Plex wani aikin da kamfanin bai yi tunaninsa ba. Akwai Sub-Zero, wadda ke nemo rubutun fassara na ƙasan fim da kanta, ta zaɓi wanda ya fi dacewa. Akwai WebTools, wadda ke taimaka wa mutum ya sarrafa uwar garkensa ya kuma sauke wasu manhajojin. Akwai HAMA, ta masu kallon zanen motsi na Japan, domin yadda Japanawa ke lissafa zango da kashi ya saba da na Amurka, kuma Plex kan rikice idan ba a taimaka mata ba. Akwai wadda ke rubuta duk abin da ka kalla a shafin Trakt. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da kamfanin ya rubuta. Mutane ne suka zauna dare da rana suka yi, suka ba duniya kyauta.

Ba a kashe su rana ɗaya ba. Abin da aka fara cirewa shi ne kundin da ake shiga a zaɓi manhaja a sauke ta da latsawa ɗaya. Wanda ya iya, an bar shi ya ci gaba da sakawa da hannu, wato ya nemo fayil ɗin ya jefa a cikin wata jaka ta musamman. Amma sabbin manhajojin Plex na waya da talabijin sun yi ta fitowa babu wurin buɗe su. A wannan sanarwar dai aka yi bankwana da Cloud Sync da wasu ayyuka, aka kuma kawo sabuwar hanyar neman rubutun fassara a cikin manhajar kanta, alamar cewa kamfanin ya san abin da mutane za su fi kewa.

Mu yi wa kamfanin adalci, yana da hujja. An gina tsarin manhajojin ƙarin ne a kan Python 2, wanda masu kula da shi suka daɗe da sanar da cewa za su daina gyara shi a ranar 1 ga Janairu, 2020. Harshen da aka daina toshe wa ɓaraka haɗari ne a kwamfutar da ke kunne dare da rana kuma tana jone da intanet. Ban da haka, Plex tana gudana a kan na'urori masu yawan gaske, daga wayar Android da iPhone zuwa Roku da talabijin iri-iri, kuma a kowacce sai an biya injiniya ya tabbatar tsohon tsarin yana aiki. Sai kuma wani dalili da mutane da yawa suka yi zargi ko da yake ba shi aka sa a gaba ba. Wasu manhajojin ƙarin hanyar kallon fina-finan sata ne. A Afrilun 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa sayar da akwatin kallo da aka riga aka loda wa irin waɗannan manhajoji keta haƙƙin mallaka ne, kuma sunan Kodi ya sha jifa a lokacin duk da ba masu ita ne suka rubuta su ba. A ƙarshen 2019 Plex ta buɗe nata sashen fina-finai na kyauta mai talla, bayan ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin fim. Wanda ke neman zama da masu fim a tebur ɗaya ba zai so a gan shi da wannan kaya ba.

To amma lissafin kashi 2 ɗin nan, mu dai bai gamsar da mu ba. A gida mai mutum goma, mutum ɗaya ne ke kula da uwar garke, sauran tara kallo kawai suke yi. Su taran ba su taɓa saka manhajar ƙari ba, ba su ma san da ita ba, amma duk lokacin da fassara ta fito daidai a ƙasan fim, aikinta suke ci. Ƙidayar wanda ya latsa maɓalli daban, ƙidayar wanda ya amfana daban. Kuma wannan mutum ɗayan shi ne ya kawo Plex gidan, shi ne mai yiwuwa ya biya kuɗin Plex Pass, wasu ma sun biya na har abada, da tunanin cewa abin da suka saya zai zauna yadda suka same shi.

Akwai wata fuskar da ta fi kusa da mu. Rumbunan bayanan da Plex ke dogara da su sun cika da fina-finan Amurka da Turai da Indiya. Ku gwada neman wani tsohon fim ɗin Kannywood na zamanin kaset a ciki, ko karatun tafsirin wani malami na garinku, ko fim ɗin Indiya da aka yi wa fassarar Hausa aka sake masa suna. Sau da yawa ba za a samu ba, wani lokacin ma manhajar ta liƙa wa fayil ɗin hoton wani fim daban. Babu wani kamfani a Amurka da zai ɗauki ma'aikaci don ya warware wannan, domin mu ba ma cikin lissafin kasuwarsa. Hanyar da ta rage wa mutane irinmu ita ce a bar ƙofa a buɗe, wani ɗalibi a Kano ko Zariya ko Damagaram ya rubuta abin da zai yi wa nasa mutanen aiki, kamar yadda masu kallon zanen Japan suka yi wa kansu. Duk sanda aka ce za a bi abin da mafi rinjaye ke so, masu ƙaramin harshe da ƙaramar kasuwa ne ke fara ji a jikinsu.

Ina mutanen suka nufa? Wasu sun koma Emby, babbar kishiyar Plex. Sai ga shi a Disamban 2018 ɗin dai, Emby ta sanar da cewa ta rufe rubutun tushen manhajarta, wanda a da kowa ke iya karantawa. Nan take wasu masu sa kai suka ɗauki kwafin ƙarshe da ke buɗe suka ci gaba da gina shi da sunan Jellyfin. Lasisin da ake kira GPL ne ya ba su wannan damar, domin abin da aka riga aka sake a ƙarƙashinsa ba a iya janye shi daga hannun jama'a. Jellyfin kyauta ce, ba ta neman ka buɗe asusu a wani kamfani, kuma tana karɓar manhajojin ƙari har yau. Sai dai kada mu yi muku ƙarya, tana da wahalarta. Idan kana son kallo daga wajen gida, kai za ka zauna ka saita hanyar da kanka, kuma manhajarta a wasu talabijin ba ta kai ta Plex santsi ba. Idan ta lalace, babu ofishin da za ka kira.

Da yawa kuma ba su tafi ko'ina ba. Wanda ya shafe shekaru yana jera fina-finai dubu, yana gyara sunaye, ya koya wa iyayensa yadda ake latsawa, ba ƙaramin abu ne zai sa ya rushe ya sake gini ba. Waɗannan sai suka canza dabara. Maimakon manhajar da ke zaune a cikin Plex, suka koma ga wadda ke zaune a gefenta tana yi mata magana daga waje. Bazarr ta ɗauki aikin nemo fassara, Tautulli tana lissafa wa mai gida abin da ake kalla. Tunda ba a cikin ɗakin Plex suke kwana ba, ba a iya korarsu da sanarwa ɗaya, ko da yake su ma suna dogara da tagar da kamfanin ya bari a buɗe.

A Afrilun 2025 waɗanda suka zauna suka sake jin wani sabon labari. Kuɗin Plex Pass na har abada ya tashi daga kusan dala 120 zuwa kusan dala 250, kuma kallon fina-finanka daga wajen gida, wanda a da kyauta ne, ya koma sai an biya. Fim ɗin naka ne, kwamfutar taka ce, kai ke biyan kuɗin wuta da na data, amma izinin haɗa su ta wannan manhaja yana hannun wani.

Idan makarantarku tana da ƙungiyar kwamfuta, wannan aiki ne da za ku iya gwadawa a zango ɗaya. Tsohuwar laftof da ƙaramar na'urar wayifai sun isa, kuma bayan an gama saukar da Jellyfin, kallo a cikin harabar ba ya cin data ko kaɗan. Ku nemi izinin malamin kwamfuta, ku zuba bidiyon darussan lissafi da kimiyya waɗanda masu su suka yarda a raba, da muhawarorin da kuka ɗauka da kanku. Sai ku kula da abu biyu tun ranar farko. Ku sa wa fayiloli suna mai tsari, da shekara da lambar darasi, sannan ku ajiye bayanan kowane bidiyo a ɗan fayil na rubutu a gefensa, irin wanda ake kira NFO, wanda Kodi da Emby da Jellyfin duk suna iya karantawa. Ranar da ɗaya daga cikinsu ta canza hali, sai ku nuna wa wata jakar, ta karanta abin da kuka rubuta ta jera muku kayanku.