Teburan Eddington Guda Biyu

A shekarar 1927, a wata lacca da ya gabatar a Edinburgh, masanin taurari ɗan Ingila Arthur Eddington ya ce tebur biyu ne a gabansa. Ɗaya shi ne wanda kowa ya sani, mai launi da tauri. Ɗayan kuwa na masana fiziks ne, kusan dukkansa fili ne, sai 'yan ƙwayoyin lantarki da ke ta kai-komo a ciki. Ba shaci-faɗi ya yi ba. Tun 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan duk nauyin ƙwayar zarra yana dunƙule ne a tsakiyarta, cikin ɗigon da faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na faɗin ƙwayar ba. Shi kansa Eddington ba baƙo ba ne a fagen, domin shi ya je tsibirin Firinsipe da ke mashigin tekun Gini ya ɗauki hoton husufin rana na 29 ga Mayu 1919, aka ga hasken taurari yana lanƙwasa idan ya gitta kusa da rana, kamar yadda Einstein ya yi hasashe.

Susan Stebbing, malamar falsafa a Landan, ta mayar masa da martani a 1937, kuma a ganina ta fi shi gaskiya: tebur ɗaya ne. Daga abubuwa irin su katako da dutse muka san ma'anar tauri, to da wane baki za a ce katako ba shi da shi? Hannu ba ya ratsa tebur saboda ƙwayoyin lantarkin hannun da na katakon ba sa yarda su cusu wuri guda. Kimiyya ba ta ƙaryata tauri ba, dalilinsa ta faɗa. Sai dai Eddington ya taɓo abin da martanin bai ture ba. Ka tambayi masanin fiziks mene ne nauyi ko cajin lantarki, amsarsa ba za ta wuce abin da suke yi da adadin da ma'auni ya nuna ba. Zatinsu kuwa, lissafi bai ce komai a kai ba.

Wani zai ce ashe ilimin na fatar baki ne. Ko kusa. Einstein ya fitar da adadin lanƙwasar hasken taurarin nan, daƙiƙar kusurwa 1.75, ninkin abin da lissafin Newton zai bayar, shekaru kafin husufin. Da hotunan Firinsipe da na husufin da aka ɗauka a Sobral ta Brazil sun saɓa masa, da ka'idarsa ta shiga uku, kuma awon da aka yi daga baya da na'urorin rediyo ya ƙara tabbatar da adadin nasa.